Yadda Ake Wanke Kayan Motsa Jiki Tsamin Gumi Ya Rabu da Su

Duk wanda ya fara motsa jiki da gaske, kafin ya cika wata biyu sai ya zo da ƙorafi iri ɗaya. Ya wanke rigar, ta bushe, ya shinshina ya ji ƙamshin omo, amma da ya saka ta ya yi gudun minti goma sai tsami ya taso kamar tun da aka saye ta ba ta taɓa ganin ruwa ba. Daga nan sai ya ƙara omo, ya ƙara ruwan ƙamshin nan mai sa kaya laushi, ya ɗora ruwan zafi. Duka ukun ƙara dagula lamarin suke yi. Ni ma ta nan na bi, kuma a haka na kashe wata baƙar jesi da nake ji da ita, robar wuyanta ta saki, lambar bayanta ta ɗaɗɗaye, warin kuwa yana nan daram. Garin neman gira aka rasa ido.

Sai ka fara sanin abin da kake wankewa. Yawancin kayan nan foliyesta ne ko nailon, an cakuɗa su da zaren roba mai talewa, wanda ake kira ilasten ko sifandes, wasu kuma su ce Lycra. Foliyesta ba ya shan ruwa kamar auduga, shi ya sa yake saurin bushewa a jiki, amma yana kama maiƙo ya riƙe. Gumi shi kaɗai ba shi da wani wari na a zo a gani. Bakteriyar da ke kan fata ce ke cin maiƙon jiki da abin da ke fitowa daga hammata, ita ke haifar da tsamin. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam sun karɓi rigunan mutanen da suka gama tuƙa keken motsa jiki, suka ajiye su sama da awa 24, suka tarar na foliyesta sun fi na auduga wari. To abokin gabarka shi ne maiƙon da ya maƙale a zare, ba dattin da ido ke gani ba.

Mataki na farko yana farawa ne tun kafin a zo wajen wanki, wato lokacin da ka cire kayan. Kada ka dunƙule jiƙaƙƙiyar riga ka cusa a jaka ka ja zif, ka ce sai ƙarshen mako. Ɗumi da laima da duhu, ka haɗa wa bakteriya duk abin da take nema. Na sha ganin sababbin zuwa suna buɗe jaka su zaro rigar shekaranjiya, har ta fara ɗigon fumfuna. In za ka iya, wanke ta a ranar. In ba hali, juya ta ka rataye ta inda iska ke kaɗawa, sai ta bushe sarai ka jefa ta kwandon wanki. A wurina riga ko wando ko safa da aka yi gumi a ciki sau ɗaya ake sa su, ba a maimaitawa. In kana da biyu kacal, sa ɗaya ka wanke ɗaya, ya isa.

Na biyu, juya kowane kaya ciki ya koma waje, domin can maiƙon yake. Ja duk wani zif ka rufe shi don kada ya tsarge zaren wasu kayan. Kada ka haɗa su da tawul ko wandon jins. Tawul zai bar musu gashi-gashi, jins kuma zai goge su har su fara ƙurajen zare.

Na uku shi ne jiƙawa, ga kayan da warin ya riga ya kama. Ka zuba farin khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, kofi ɗaya cikin ruwan sanyi kofi huɗu, ka nutsa kayan minti 30, sannan ka matse ka wuce wanki. Ba kullum ba, sai lokacin da ka ji tsami ya fara dawowa. Warin khal ɗin zai tafi da ɗauraya. Abu biyu zan ja kunne a kansu. Kada ka haɗa khal da bilic ko da wasa, haɗinsu yana fitar da iskar kulorin mai guba. Kuma kada ka zuba khal da bekin soda tare saboda ka ga kumfa tana tashi kana murna aiki na ci. Junansu suke kashewa, abin da zai rage kusan ruwan gishiri ne, an yi ba a yi ba. Zaɓi ɗaya. Shi bilic ma gaba ɗaya ka nisanta shi da waɗannan kaya, yana cinye zaren roba.

Yanzu ga inda na daɗe ina faɗuwa, wato yawan omo da ɗauraya. Mun saba ɗauka cewa kumfa ita ce tsafta, in baho bai cika da ita ba kamar ba a yi wanki ba. Zaren waɗannan kaya siriri ne ƙwarai, saƙarsu kuma a matse take, omon da ya yi yawa ba ya fita duka. Sai ya zauna a ciki, ya haɗu da maiƙon jiki ya zama wani ɗan danƙo da ba ka gani. Idan kayan sun bushe ƙamshin omo ya rufe shi, da zafin jiki da gumi sun taɓa shi sai ya farka. Wannan shi ne sirrin rigar da ke ƙamshi a kan igiya tana tsami a jiki.

Don haka ka sa rabin abin da ka saba sawa. Ni na fi son sabulun ruwa na wanki, domin yana narkewa a ruwan sanyi ba ya barin gari-gari, kuma in ka sami mai ɗauke da sinadarin enzayim ya fi, shi ke farfasa maiƙo da furotin. In garin omo ne a hannunka, narkar da shi tukuna kafin ka sa kaya. Akwai sabulun da ake sayarwa na musamman don kayan wasanni, yana aiki, sai dai da tsada, kuma ni ban ga abin da ya yi mini wanda rage omo da kyakkyawar ɗauraya ba su yi ba. Gara ka ƙara riga ɗaya da kuɗin.

Ruwan laushin kaya kuwa, ka manta da shi kwata-kwata. Aikinsa shi ne ya shafe zare da wani santsi. A kan zanen gado wannan daɗi ne, a kan rigar gudu kuwa toshe hanyar da gumi ke bi ya fita yake yi, ya kuma kulle warin a ciki. In ka lura rigarka ta fara manne maka a baya sharkaf alhali da ba ta yi, to ka tuhume shi.

Ruwa ya zama na sanyi, ko mai ɗan ɗumi da bai wuce digiri 30 ba. Duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a wuya ko a gefe, za ka ga hoton baho da lamba a ciki, wannan lambar ita ce iyakar zafin. In da hannu kake wankewa, ɗiga sabulu a hammata da wuya da ƙugun wando, ka murza da yatsu a hankali. Ba a sa buroshi, ba a bugawa a dutse. In injin wanki ne, zaɓi wankin kaya marasa ƙwari, kada ka cika shi maƙil, rigar mama ta motsa jiki kuma a sa ta cikin jakar raga don kada igiyoyinta su nannaɗe su tale.

Sai ɗauraya. Ruwa biyu ba ya isa, ni uku nake yi, wani lokaci huɗu. Ga gwajin da nake yi: a ruwan ƙarshe na nutsa hammatar rigar na matse ta a ƙarƙashin ruwa. In ƙananan kumfa suka taso suka tsaya a sama ba su fashe nan take ba, ko na ji santsi tsakanin yatsuna, to da saura. Ranar da na fara gwada wannan a kan wani wando da na ɗauka na wanke shi tas, na sa shi a bokitin ruwa zalla ba sabulu ko ɗigo, sai ga ruwa ya yi fari-fari da kumfa. Omon watanni ne ya taru a ciki. In kayanka sun kai haka, ka yi musu wanki ɗaya da ruwa kawai kafin komai. A inji kuma ka danna ƙarin ɗauraya.

Wajen matsewa kada ka murɗa kamar igiya, roba za ta saki. Damƙe da hannu ruwan ya zuba, ko ka naɗe a busasshen tawul ka danna. Shanya a inuwa inda akwai iska, a juye, domin rana mai zafi tana kashe launi tana kuma gajiyar da roba. Ba sa jimawa suke bushewa. Injin busar da kaya da dutsen guga duk ba nasu ba ne, ita ma guga da hannunta a ɗayewar lambar jesin nan tawa. Kada ka ninke su da sauran laima.

Takalmi kambas, zare shimfiɗar cikinsa da igiyar ka wanke daban, goge jikin da tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu, cusa takarda a ciki ta tsotse ruwa, ka bar shi a inuwa. Kayan ninƙaya a ɗauraye su da ruwa mai kyau da an fito, saboda kulorin da gishiri. Ita ma jakar ka zazzage ta ka wanke, ka bar bakinta a buɗe ta kwana, in ba haka ba duk rigar da ka wanke tas ka sa a ciki za ta fito da warin jiya.