Waya, tabulet ko laftof? Kurakuran da nake gani kullum a shago

Ni dai sana'ata gyaran waya da kwamfuta ce a nan Yelwa kusa da jami'ar ATBU a Bauchi, kuma wallahi gardamar nan ta wai laftof ta fi waya ko tabulet ta fi duka ta ishe ni, a yi ta a majalisa a koma a yi ta a WhatsApp. Duk wanda ya shigo min shago rai a ɓace magana ɗaya ce a bakinsa, na saya amma ba ta yi min aikin da nake so ba.

Kwanaki wata Hajiya ta zo da ɗanta mai karatun injiniya, ta zaro iPad sabuwa fil daga jaka ko ledar allon ba a ɓare ba, ta ce "Malam, dan Allah a sa masa abin zanen nan da malaminsu ya ce." AutoCAD take nufi. Na ce Hajiya sai haƙuri, cikakken na kwamfuta ba ya hawa kan wannan, akwai ɗan ƙaramin da aka yi wa waya da tabulet amma ba da shi ake koyar da su ba. Yaron nan ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ashe shi ya zaɓa don ya ga irinta a hannun abokinsa. To ka ga babban kuskuren ke nan, a sayi na'ura sannan a zo ana tambayar aikinta. Kafin ka taɓa aljihu ka tambayi malaminka ko wanda ya riga ka a aji wace manhaja za a yi aiki da ita. In ka ji AutoCAD ko SPSS ta lissafin alƙaluman bincike to magana ta ƙare, laftof mai Windows za ka nema.

Akwai kuma masu cewa ai waya ta wadatar. Mutum ya buga furojet babi biyar da babban yatsa, ya kai bizines senta a fitar masa sai ka ga teburi ya tsallake shafi, lambobin shafi sun rikice, ya biya kuɗin gyara ya biya na sake bugawa. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan JAMB, tun 2015 jarabawar nan ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya amma har yau ana samun yaron da ya iya TikTok kamar me, maus kuwa ranar jarabawa zai fara riƙe shi. Ba sai an saya masa kwamfuta ba, a kai shi kafe ya yi kwana uku huɗu yana latse-latse. Shi kuma ɗan kasuwar Wunti ko Muda Lawal da harkarsa ba ta wuce tura hoton kaya da duba alat ba, me zai yi da laftof in ba ado ba? Waya mai batir mai ƙarfi ta fi masa.

Sai tarkon da ya fi cin mutane, wato sitikar Core i7, sunan furosesa, ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da laftof. Mai kaya ya nuna maka ita da yatsa ya ce ai wannan doki ce, kai kuma ka zaro kuɗi. Malam tsaya ka tambayi jenareshon, wato zamanin da aka ƙera ta. i7-2620M ta 2011 ce, i5-8250U kuwa ta 2017, kuma wannan i5 ɗin ta yi wa waccan i7 fintinkau, lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗa maka zamaninta (daga jenareshon na 10 kuwa lambobi biyun farko ne). Abin ya ƙara muhimmanci yanzu da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga jenareshon na 8 take karɓar yawancin na Intel. Ka nemi RAM 8GB, wato ma'ajin da take aiki da shi nan take, da SSD, sabon nau'in ma'ajin fayil mai sauri, don tsohuwar had dis mai juyawa sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba. In ta hannu ce a cire caja a gabanka, ka zauna ka ga minti nawa batirin zai yi, kar ka ji kunya, kuɗinka ne. Wadda ka ga arharta ta yi yawa kuma duba da kyau ko Chromebook ce, ita ba Windows ke kanta ba.

Tabulet matsalarta biyu: da yawa ba sa ɗaukar layi sai Wi-Fi kawai, sannan iPad ta hannu in mai ita bai cire iCloud ɗinsa ba, wato asusunsa na Apple da ke kulle ta, to ka sayi faranti.

Bayan an saya ma da sauran rina a kaba. Ka haɗa laftof da hotsifot na waya, ka juya ka ga data ta ƙare ka hau zagin kamfanin layi, alhali Windows ce ke sabunta kanta a ɓoye, shiga saitin Wi-Fi ka kunna Metered connection za ta lafa. Kuma dan Allah a daina ɗora ta kan katifa, zafin Bauchi na Maris da Afrilu kaɗai ya ishe ta, ga ƙurar hunturu ta riga ta toshe fanka. Ko faifai ne ka kife ka ɗora ta a kai.

Ita Hajiya ba ta yarda an sayar da iPad ɗin ba, ta ce ƙanwar yaron za ta riƙa tilawa da ita. Shi kuma muka samo masa laftof ThinkPad ta hannu, gefenta ma a ɗan fashe, yana ta ɓata rai wai ba ta da kyau. Jiya ya dawo a ƙara masa RAM.