Darasi na Bakwai: Yadda Lissafi ke Bayyana Samuwar Ƙari a Jiki

Jikin ɗan Adam tarin ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani, kuma duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafe umarnin gado da ke cikinta, wanda masana ke kira DNA. Kamar yadda mai kwafar littafi da hannu kan tsallake harafi ba da gangan ba, haka ƙwaya takan yi kuskure jefi-jefi. Yawancin kura-kuran nan jiki yakan gyara su. Ƙari, wato kumburin da kan iya zama sankara, yana samuwa ne idan da dama daga cikinsu suka taru a ƙwaya ɗaya, har ta kasa daina rabuwa.

A ɗauka, don misali kawai, cewa kuskure na farko yana samun ƙwaya 1 cikin 1,000, na biyu ma haka. Wadda za ta haɗa duka biyun ita ce 1 cikin 1,000 sau 1,000, wato 1 cikin miliyan. Ninkawa ake yi a nan, ba tarawa ba.

A 1954, Peter Armitage da Richard Doll na Ingila suka nuna cewa yadda mutuwa daga wasu nau'o'in sankara ke ƙaruwa da shekaru ya dace da taruwar irin waɗannan kura-kurai a matakai shida ko bakwai, shi ya sa cutar ta fi yawa ga manya. Sai dai aikin da ya fi sauƙin fahimta shi ne na Alfred Knudson na Amurka, wanda a 1971 ya duba bayanan majinyata 48 masu sankarar ido ta yara, ya lissafa cewa kuskure biyu sun isa. Yaron da ya gaji kuskure na farko a dukan ƙwayoyinsa, saura ɗaya ya rage masa, don haka cutar kan bayyana da wuri, sau da yawa a idanu biyu. Wanda bai gada ba kuwa, sai biyun sun auku masa katsam, saboda haka takan zo a makare, a ido ɗaya.

Iyaye su lura: idan aka ga farin ƙyalli a tsakiyar baƙin idon jariri, a hanzarta kai shi asibitin ido, irin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Aiki: idan kurakurai uku ake buƙata, kowanne 1 cikin 100, ƙwaya ɗaya cikin nawa za ta haɗa su duka?