Manna katako a kan daɓe mai bututun ɗumi: inda sababbin hannu ke ɓata aiki

A Jamus sababbin gidaje da yawa ba sa dogara da hitar jikin bango. Bututun ruwan zafi ake nannaɗewa a ƙasa, a zuba daɓe a kai, ɗumi ya riƙa tasowa ta tafin ƙafa. A kan wannan daɓen muke manna katako mai hawa-hawa: samansa ice na gaske, kaurin milimita 3 ko 4, ƙarƙashinsa wasu siraran katakai a gicciye don kada ya cika motsi. Samarinmu da suka iya aikin tayil tun daga gida suna shigowa da hannu mai kyau, amma kuskure iri ɗaya suke ta maimaitawa, har bakina ya gaji.

Babbansu danshi. Daɓe ya yi fari fat, ka shafa ka ji shi ƙamas, ka ce ya bushe. Samansa ne ya bushe. Ruwan yana can ciki, kuma ranar da aka kunna ɗumi bututu zai koro shi sama, ba shi da wurin zuwa sai cikin katakonka. Tayil ba ya kumbura da danshi, shi ya sa wanda ya saba da shi ba ya tsoro. Katako kuwa sha yake yi, ya kumbura, gefunansa su ɗago, gam ya saki.

Ƙa'idar a nan ita ce ba a kunna wa daɓen siminti ɗumi sai ya kwana 21, na anhidirit (daɓen da ake haɗawa da dangin jifsam maimakon siminti) kuma kwana 7. A fara da ruwa mai digiri 25 na kwana 3, a ƙure zafinsa na kwana 4. To a nan ake yaudarar yara. Wannan kunnawar gwajin bututu da daɓe ce, ba shaidar bushewa ba. Bayanta sai awon CM, wato awon danshin cikin daɓe: a fasa daɓe daidai inda mai zuba shi ya bar alama, a ɗebo har daga can ƙasa, a daka, a zuba a tulun ƙarfe tare da kabaid, a girgiza, a karanta allurar ma'aunin da ke kan tulun. Danshin daɓen siminti kada ya wuce kashi 1.8 cikin ɗari, na anhidirit 0.3. Ni kafin wannan ma leda nake mannawa a ƙasa da salatif alhali ɗumi yana kunne. In na ɗaga washegari na ga gumi, ba na ma wahalar da tulu.

Akwai yaron da ke hannuna da wani ɗan kwangila ya sa wa wuta ina wani wurin aiki: masu gida za su tare, daɓe ya bushe tuntuni. Yaro ya ji kunyar babba, ya manne falo gaba ɗaya. Sanyi na shigowa aka kunna ɗumi, falo ya yi tudu da kwari. Ɗan kwangila ya ce shi bai san zancen ba. Da guduma da kurfi muka ɓamɓare, katako da gam da ladan kankarewa duk daga aljihuna. Kai ƙanena, wa ya ce maka baki yana auna danshi? Wanda ya ce ka manna, ka ce ya kawo takardar kunna ɗumi da sa hannu, ka auna da kanka, ka rubuta. In ya ƙi, tattara kayanka.

Na biyu yana zuwa bayan ka gama. Saman katako kada ya haura digiri 27. Mai gida ya ji sanyi ya murɗa ma'auni har ƙarshe a dare ɗaya, sai ka ga layuka sun buɗe, kuma kai za a kira. Al'adata: in kashe ɗumi kwana 2 kafin aiki, ƙasa ta tsaya wajen digiri 18, in bar gam ya yi mako, sannan a riƙa ƙara digiri 2 kullum. Wasu suna hanzarta fiye da haka, su suka sani. Ka kuma gaya wa matar gida kafet mai kauri yana tare zafi a ƙarƙashinsa har ya wuce kima. Iskar ɗaki a lokacin sanyi takan bushe kamar ta hunturunmu, don haka a riƙe laimarta tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin kuɗi. Bar tazarar milimita 10 a jikin bango, har da gindin ƙyaure. Ƙusa ko huda daɓe haram ne, bututu na nan kusa. Daɓen anhidirit a goge ɓawon samansa da inji kafin gam. Ɗora doguwar rula ta mita 2, in rami ya wuce milimita 3 a cike shi. Kwalin katakon ya kwana a ɗakin a kwance, a rufe, sai ranar aiki. In ka ga Buche ko Ahorn a jikin kwali (sunayen irin ice ne da Jamusanci) ka shawarci mai gida ya canza zuwa icen Eiche, don waɗancan biyun motsinsu ya yi yawa a kan ɗumi. Shimfiɗar soso da ake sawa ƙarƙashin katako kuma ni ba na amfani da ita: tana tare ɗumin da aka biya kuɗi a samu. Gam mai taushi nake shafawa ko'ina da cokalin magini mai haƙora, gwargwadon abin da zan iya rufewa kafin ya fara kamewa.