Yadda ake riƙe numfashi da jinin mara lafiya mai rauni lokacin tiyatar huhu

Wannan na ku ne ƴan uwa masu sa barci a tiyata, musamman sabbin shiga. Aikin huhu daban yake, huhun da likita zai yanka dole a sace masa iska ya kwanta, ɗayan shi kaɗai zai riƙe mutum har a gama. To in dama mutumin tsoho ne, ko ya daɗe yana shan sigari, ko tarin fuka ya cinye masa huhu kamar yadda muke yawan gani a nan, ko zuciyarsa ba ƙarfi, ka san akwai aiki.

Da farko tun kafin ranar a yi gwajin hura iska, a lissafa abin da zai rage masa bayan an cire ɓangaren. In bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da ake sa ran mai lafiya irinsa zai hura ba a yi hattara, ƙasa da 30 kuwa sai an zauna an yi shawara sosai. A duba zuciya, sigari kuma a bar shi aƙalla sati 4.

Na biyu, kafin a fara sa layi (siririyar roba) a jijiyar wuyan hannu mai nuna hawa da saukar jini kai tsaye, abin awon damtse kaɗai ba zai wadatar ba. A tanadi jini.

Sai bututun numfashi mai hanya biyu, kowane huhu da tasa, yawanci na hagu ake sawa, mata lamba 35 ko 37, maza 39 ko 41. Duba zamansa da kyamarar maƙogwaro, in an juya mutum ya kwanta ta gefe ka sake dubawa don wallahi a nan yake yawan gocewa. In huhun akwai mugunya a ciki ka raba huhunan biyu tun kafin juyawar, kar ta kwarara cikin mai lafiyar.

Da an koma huhu ɗaya rage iskar da inji ke turawa, mil 4 zuwa 6 kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinsa, da PEEP (matsin iskar da inji ke bari a huhu bayan fitar numfashi) wajen 5. Jiki da kansa yana matse jijiyoyin huhun da aka sace wa iska ya tura jini wa mai aiki, yawan gas ɗin barci na rage wannan, kar ka cika shi.

In oksijin ya fara sauka kar ka rikice. Kai oksijin da inji ke ba shi kashi 100, duba bututu, zuƙe majina, buɗe huhun ƙasa mai aikin a hankali, in bai yi ba ka ba na saman, wanda ake wa aiki, oksijin kaɗan. Ya ƙi? Gaya wa likita ya dakata a hura duka biyun, ba abin kunya ba ne.

Inda mutane suka fi kuskure kuwa wajen ruwa ne. Jini na sauka sai a buɗe drip gaba ɗaya, alhali huhun da aka taɓa ba ya son ruwa, bayan kwana biyu sai ka ga ya cika mutum ya kasa numfashi. In ba jini ake zubarwa ba, noradrenaline, maganin ɗaga jini, ya fi. Mai toshewar huhu na sigari kuma sau da yawa iska ce ta taru ta danne zuciya, cire shi daga inji na ƴan daƙiƙu ta fita, sannan ka ƙara masa lokacin fitar da numfashi.

Kafin ya farka a tabbata allurar kashe zafi ta baya tana aiki don ya iya tari, kuma a sa ido kan bugun zuciya a rana ta 2 da ta 3 bayan tiyata, lokacin ne ya fi rikicewa.