Yadda za ki fito a matsayin 'yar sanda a shiri mai dogon zango

Idan darakta ya ba ki matsayin sufeto mai binciken laifuka, kada ki fara da haddace layukanki. Ki fara da sanin aikin matar da za ki sanya kakinta. Tun shekarar 1955 aka fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Najeriya, amma har yau yawancin finafinanmu suna nuna su ne suna ɗaga murya da zare ido kawai, abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, musamman a Jos, garin da ke da hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya da makarantar koyon aikin fim.

Ki nemi furodusa ya samo miki izinin zama a caji ofis na yini ɗaya ko biyu. Ki lura da yadda jami'ar da ke teburin karɓar ƙara take rubuta ƙorafi ba tare da ta ɗago kai ba, da yadda kofur yake ƙamewa ya sara wa na gaba da shi, da yadda gogaggiyar jami'a take yin shiru bayan ta jefa tambaya har wanda ake zargi ya fara kame-kame da kansa. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wuyar kwaikwayo, kuma shi kyamara ta fi so. Ki gwada shi a gaban madubi, kina ƙirga biyar a zuci kafin ki sake magana.

Daga nan sai doka, domin cikin masu kallo akwai lauyoyi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta ce mace ce za ta caje mace sai in akwai larura, kuma ba a sa ankwa sai an ji tsoron tashin hankali ko gudu, ko don kare lafiyar wanda aka kama, ko kuma kotu ta umarta. Idan labarin ya sa ki kama uwa saboda ɗanta ya tsere, ki tambayi marubuci ko da gangan ne ake son a nuna sufeton tana karya doka, tun da hakan zai sauya yadda za ki riƙe fuskarki.

Kwalliya ta zama kaɗan, a cire dogon farce. Takalmin aiki kuwa ki fara sa shi mako guda kafin a fita lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, domin wadda za ta bi ɓarawo da gudu a lungunan unguwar Dilimi da ke Jos da sanyin asuba ba ta da damar ɗingishi.