Zamiya a kan ƙanƙara: kurakuran da zuciya ke jefa ɗan koyo a ciki, da yadda ake gyara su

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Kano. Sanyin hunturun da ke sa mu kewaye wuta a bakin titi da asuba, a ƙasashen da ake wannan wasa rana ce ta fita shan iska. Amma Bakano matafiyi ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya je saro kaya Dubai yakan leƙa Ski Dubai da iyalinsa, filin ƙanƙarar da aka gina a cikin katafaren kantin Mall of the Emirates tun 2005. Ɗalibanmu da ke Masar suna da Ski Egypt a gefen Alƙahira, wanda aka buɗe a 2017. Na Turkiyya kuwa duwatsu na gaske suke samu: Uludag kusa da Bursa, Erciyes a Kayseri, Palandoken a Erzurum. Hutun hunturu na zuwa sai hotuna su cika WhatsApp, kowa ya sha rigar sanyi da tabarau, ana murmushi. Abin da hoton ba ya nunawa shi ne wanda ya dawo masauki yana ɗingishi.

Wasan iri biyu ne. Akwai mai ɗaura dogon katako a kowace ƙafa ya riƙe sanduna biyu, akwai kuma mai ɗaure ƙafafunsa duka biyu a kan allo guda ya tsaya a kaikaice. Ko wanne ka zaɓa, ranar farko ba ƙafa ce ke ba ka matsala ba. Tsoro ne, kuma mugun halinsa a nan shi ne duk umarnin da ya ba jiki, akasinsa ƙanƙara take so.

Na farko da kowa ke yi shi ne ja da baya. Da gangara ta fara jan mutum, sai jiki ya ce a guje ta, nauyi ya koma kan dunduniya, ɗuwawu ya yi ƙasa. To gaban katakon ne ke cizon ƙanƙara ya juya da kai. Idan nauyi ya bar gaba, katakon ya zama ba mai shi, ya miƙe ya ƙara gudu. Gudu ya ƙaru, tsoro ya ƙaru, mutum ya ƙara ja baya. Haka abin yake zagayawa har sai an sha ƙasa. Kafin nan ma cinyoyi sun ɗauki zafi cikin 'yan mintuna, mutum ya ɗauka ƙarfi ne ba shi da shi, alhali tsayuwarsa ce ta lalace. A wannan zama na baya ne kuma jijiyar cikin gwiwa take yawan tsinkewa, musamman idan mutum ya fara faɗuwa ya yi ta kokawar miƙewa katako na tafiya da shi.

Cewa “kada in ji tsoro” ba ta gyara komai. Zuciya ba ta karɓar umarnin hani a lokacin firgici, aiki take so a ba ta. Ka ba ta guda ɗaya: ta riƙa jin ƙwaurinka yana danne gaban takalmin. Muddin kana jin wannan matsi, nauyinka yana inda ya dace. Hannuwa kuma su zauna a gaba inda idonka ke hango su. Mai allo guda, nasa aikin shi ne ya ji nauyi a ƙafar gaba, ko da zuciya na roƙonsa ya koma ta baya. Kalma ɗaya ta isa ka riƙa maimaitawa a ranka, “gaba, gaba”. Ɗan koyon da ya hau gangara da darasi bakwai a ka, ko ɗaya ba zai tuna ba.

Sai ido. Duk wanda ya koyi babur a lungunan cikin gari ya san cewa ramin da ka ƙura wa ido, shi tayar gaba take faɗawa. Haka abin yake a ƙanƙara. Ka ƙura wa bishiya ido don ka kauce mata, sai kai ya juya, kafaɗa ta bi kai, ƙugu ya bi kafaɗa, katako ya kai ka gindinta. Wasu kuma ƙafafunsu suke kallo tun daga sama har ƙasa, kamar za su gudu su bar su. Mai kallon ƙafa ba ya ganin abin da ke zuwa sai ya iso, shi ya sa komai yake zo masa ba zato. Ɗaga kai, ka kalli filin da babu kowa, ka zaɓi wurin da za ka yi kwana ta gaba tun kafin ka gama wadda kake ciki.

Numfashi ma ana mantawa da shi. Mutum ya shaƙi iska a saman gangara ya riƙe, kafaɗu su hau kunne, haƙora su cije, gwiwa ta sandare. Gwiwar da ta sandare ba ta iya shanye tudu da kwari, ƙaramin tudu sai ya wurgar da kai. Masu koyarwa sukan ce a fitar da numfashi a kowace kwana, har a ji sautinsa. Kafin ka fara gangarowa, tsaya a gefe, ka ja iska ta hanci, ka sake ta a hankali fiye da yadda ka ja ta, sau uku ko huɗu. Doguwar fitar da numfashi tana rage bugun zuciya.

A nan akwai abin da ya shafe mu musamman. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, filin Erciyes kuwa ƙasansa ma ya haura mita 2,000. A can iska ba ta ƙosar da huhu kamar a gida. Zuciya za ta buga da sauri, za ka yi haki daga ɗan tattaki, wataƙila da ciwon kai. Da yawa sukan fassara wannan da tsoro, daga nan tsoron gaske ya biyo baya. Ka san cewa tsayin dutse ne, ka rage himma a ranar farko, ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba, don sanyi yana ɓoye ƙishirwa.

Yanzu ga wanda a ganina ya fi duk sauran karya Kanawa, wato kunya. An ce tsoro na daji, kunya na gida, amma mu har dajin muke tafiya da kunyarmu. Magidanci mai rumfa da yara a kasuwa, wanda ba a taɓa ganin ya yi tuntuɓe a bainar jama'a ba, ga shi a filin 'yan koyo ya haɗe kawunan katakonsa biyu yana rarrafe, yarinya 'yar shekara biyar ta wuce shi fiu. Sai abokin tafiya ya ce, “Haba Alhaji, kai da ke sukuwa a hawan sallah? Mu hau sama kawai, a hanya za ka iya.” Alhaji ya ji nauyin cewa a'a. A hau kujerar da ke kai mutane saman dutse, a sauka a bakin gangarar da ba tasa ba, kuma daga can babu hanyar dawowa sai ta ƙasa.

Ba a banza aka sa wa hanyoyin gangarowa alamar launi ba. A filaye da dama na Turai kore na sabon shiga ne, shuɗi mai sauƙi, ja na wanda ya iya, baƙi na gwanaye. Ba a barin launi sai an iya tsayawa a duk inda aka ga dama, an kuma iya juyawa hagu da dama ba tare da faɗuwar gaba ba. Idan har yanzu tsayawarka ita ce faɗuwa, ba ka gama da kore ba. Amsar aboki kuma a shirya ta tun daga masauki, don a bakin gangara baki yakan mutu: “Ku je, ina nan ƙasa, ma haɗu wajen shayi.” Shi ke nan. Kuma a biya mai koyarwa na filin ko da na awa biyu ne. Aboki, komai iyawarsa, so yake ya yi nasa wasan, kuma ya manta yadda tsoron ranar farko yake. Miji ya koya wa matarsa kuwa, wannan sai dai a yi addu'a a dawo gida ana magana da juna.

Kyamara 'yar uwar kunya ce. Da an ɗaga waya, rabin hankalin mutum ya bar ƙafarsa ya koma kan yadda zai fito a bidiyo. A ɗauki hoton a tsaye a gefen hanya, a mayar da waya aljihun ciki (sanyi ma yana cinye caji), sannan a yi wasa.

Sai lissafin kuɗi. An canji dala da tsada, an sayi tikitin yini guda, an yi hayar kaya, saboda haka sai an ci kuɗin nan tas. La'asar ta yi, cinya na rawa, ƙanƙarar ta daskare ta yi santsi ko ta cakuɗe, haske ya ragu, amma zuciya na cewa “saura ɗaya”. Masu aikin ceto a duwatsu sun san wannan “saura ɗaya” sarai. Alamar gajiya a bayyane take: ka fara yin kuskure a abin da ka iya da safe, ko ka faɗi sau biyu a jere ba dalili. A nan ake cire katako. Kuɗin ɗori a asibitin waje ya fi na tikitin nesa ba kusa ba.

Kada kuma jarumta ta shiga maganar kai. Hular kwano dole ce, amma ba lasisin ganganci ba ce. Michael Schumacher, zakaran tseren motoci, gwani ne a wannan wasa kuma da hularsa a ka lokacin da ya bugu da dutse a Meribel ta Faransa a Disambar 2013, a wajen hanyar da aka gyara. 'Yar wasan kwaikwayon Ingila Natasha Richardson kuwa a filin 'yan koyo ta faɗi, a Mont Tremblant ta Kanada a 2009. Ta tashi ta ce lafiyarta ƙalau, bayan kwana biyu ta rasu sakamakon zubar jini a cikin ka. Idan kai ya bugu, “ba komai” ba amsa ba ce. A bar wasa a ga likita, musamman in akwai jiri, amai ko ciwon kai mai ƙaruwa.

Faɗuwar yau da kullum kuwa, ita ce kuɗin makaranta. Kuskuren shi ne abin da ke biyo bayanta. Wani ya zabura ya miƙe don kada a gani, ya ci gaba jiki na ɓari, ya sake faɗuwa. Wani kuma ya ɗauki faɗuwar ya yi ta juya ta a ka, “ni ban iya komai ba, me ma ya kawo ni”, yana kwana ta biyar hankalinsa na kan ta farko. Ka matsa gefe, ka duba jikinka, ka yi numfashin nan, ka tambayi kanka abu ɗaya: ina nauyina yake, ina idona yake? Ka sami amsa, ka bar maganar a wurin. In tsoron ya ƙi tafiya, koma gangara mai sauƙi har ƙafa ta tuna abin da ta iya. Wannan ba ci baya ba ne. Mikaela Shiffrin ta Amurka, gwanar wannan wasa, ta fice daga hanya tun a farkon tserenta biyu na farko a gasar Olamfik ta Beijing a 2022, duniya na kallo. A 2023 ta wuce tarihin nasara 86 na Ingemar Stenmark a gasar kofin duniya. Bayan mummunar faɗuwar da ta yi a Killington ta Amurka a Nuwambar 2024, ta fito ta faɗa cewa firgicin bai sake ta ba, har ta janye daga wani tsere saboda shi, sannan a Fabrairun 2025 ta ci nasara ta 100. Masu allo guda kuwa, in za su faɗi, su ƙara da wannan: kada a tare ƙasa da buɗaɗɗen tafi, a nan wuyan hannu ke karyewa. A dunƙule hannu a sauka kan damtse, a kuma sa abin kare wuyan hannu.

Kuskure na ƙarshe tun a Kano ake yin sa, wato zaton natsuwa za ta zo da kanta ranar da ake bukatarta. Ba ta zuwa sai an saba da ita. Wasu kuma sun ɗauka horar da hankali na nufin kai ya zama fanko babu tunani, da sun zauna minti biyu tunanin bashi da na kaya a kwastan ya shigo sai su ce abin ba nasu ba ne. Ai dawowar ita ce horon. Bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi, zauna minti biyar kana ƙirga numfashi daga ɗaya zuwa goma. Hankali ya gudu, ka lura, ka dawo da shi ba tare da faɗa ba, ka sake daga ɗaya. Abin da za ka yi ke nan a kan dutse sa'ad da tsoro ya fizge ka: ka lura, ka dawo kan ƙwauri da numfashi.

Ka haɗa da tsayuwa a ƙafa ɗaya, in ta zauna ka rufe ido. Ka hau matakalar Dutsen Dala da sassafe don cinya da huhu su san abin da ke jiran su. Sannan ka kalli bidiyon darasin 'yan koyo, ka rufe ido ka bi motsin a ranka, kana jin takalmin da sanyin da juyawar. Manyan 'yan tsere haka suke yi a bakin layi, ido a rufe, hannu na bin kwanonin hanya a iska. Girma a ƙasa mai zafi kuma ba hujja ba ce: Kwame Nkrumah-Acheampong a Ghana ya tashi, da girmansa ya koyi wasan a wani rufaffen filin ƙanƙara a Milton Keynes ta Ingila, ya kuma wakilci ƙasarsa a Olamfik ta Vancouver a 2010.

In an isa filin, akwai doka da ta rataya a kan kowa: wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai ne za ka kauce masa. Ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko a bayan tudu inda na sama ba ya hango ka, kuma kafin ka sake tashi sai ka waiga sama. Kafin ka bar filin jirgin Malam Aminu Kano ma, duba takardar inshorar tafiyarka da kyau, don da yawa ba sa biyan raunin wasan ƙanƙara sai an ƙara shi daban.