Yadda za ka gwada batirin na'urar sauraron waƙa, ka kuma sa ya daɗe

Alamar batir da ke saman allo ba abin dogaro ba ce. Za ka ga ta nuna rabi, ka saurari waƙa uku, na'ura ta ɗauke. Wata rana kuma ta yi ja tun da safe amma ta kai ka har dare. Kintace take yi daga ƙarfin wutar da ya rage, kuma idan batir ya kwana biyu kintacen yakan kauce. Saboda haka kafin ka yanke cewa batirin 'yar MP3 ɗinka ko tsohuwar iPod ya tashi aiki, ka auna shi da agogo. Ba sai ka kwance na'urar ba, haƙuri kawai gwajin yake so.

Fara da nemo abin da kamfani ya yi alkawari. Yana jikin kwali ko cikin takardar bayani: awa nawa na kiɗa, awa nawa na bidiyo. iPod ta farko da ta fito a 2001 awa 10 aka ce tana yi, na'urorin da suka biyo baya kuwa da yawa sun ninka haka. Sai dai ka sani, a yanayi mai sauƙi ake auna wannan adadi, allo a kashe, ƙara a tsaka-tsaki. Kai ma haka za ka shirya taka, in ba haka ba ka zalunci batirin.

Jona ta a caji har ta cika, ka ƙara mata kamar awa ɗaya bayan ta nuna cikar, domin ƙarshen caji a hankali yake shiga. Kafin ka cire, ka kashe Bluetooth da Wi-Fi idan tana da su, ka kashe duk wani abin gyara sauti irin mai ƙara kauri, ka sa hasken allo ya riƙa mutuwa da wuri. Duba ko akwai agogon barci da ke kashe na'ura bayan wasu mintuna, shi ma ka cire shi. Sa ƙara a rabi, ka maƙala iyafis mai igiya, ka zaɓi jerin waƙoƙin MP3 na yau da kullum, ka sa ya yi ta maimaita kansa. Rubuta lokacin da ka danna kunnawa, ka kulle maɓallai, ka ajiye ta. Kada ka riƙa leƙawa. Duk leƙen da ka yi allo ya kama, ka ci wani abu daga sakamakon.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sanin lokacin da ta mutu, musamman idan cikin dare abin ya faru. Akwai dabara biyu. Ta farko, ka haɗa jeri mai tsawon da ya wuce awannin da kake tsammani, ka hana shi tsallake-tsallake da maimaitawa. Na'urori da yawa suna tuna inda suka tsaya, don haka idan ka mayar da ita caji ka kunna, sai ka tara tsawon waƙoƙin da suka wuce. Ta biyu ta fi tabbas: ka ajiye iyafis ɗin kusa da wayar salular da ke jone da caji, ka kunna naɗar murya. Inda sauti ya yanke a cikin naɗin, nan batir ya ƙare. Ni ta biyun na fi so, don ba kowace na'ura ce ke tuna wurin tsayawarta ba idan wuta ta yanke mata bagatatan.

Yanzu sai lissafi. A ce kamfani ya yi alkawarin awa 30, kai kuma ka samu 24. Raba 24 da 30, kashi 80 cikin 100 ke nan, batirinka na nan da sauransa. Apple ma, mai ƙera iPod, abin da ta ce ke nan, an ƙera batirin ya riƙe har kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken zagayen caji 400. Zagaye ɗaya ba yana nufin jonawa sau ɗaya ba. Idan ka sha rabi yau ka cika, gobe ka sake shan rabi, zagaye ɗaya ka yi. Idan kuwa sakamakonka ya faɗi ƙasa da rabin alkawari, kar ka yi saurin yanke ƙauna. Bayan wannan mutuwar, cika ta tas ba tare da katsewa ba, ka sake gwajin. Saukewa har ƙasa da cikawa a jere yakan daidaita ma'aunin da ke nuna caji. Ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi, amma yana hana alamar yi maka ƙarya. Gwaji na biyu ya maimaita na farko, to batirin ne.

Wani lokaci gwaji zai nuna batir lafiya lau, amma a hannunka ba ya kai yini. To laifin na yadda ake amfani ne. Allo ne babban mai shan caji, sai Bluetooth da Wi-Fi. Manyan fayiloli irin FLAC da WAV sun fi MP3 ci. A tsofaffin iPod masu faifai mai juyawa a ciki, yawan tsallake waƙa na tilasta wa faifan tashi kowane lokaci, kuma tashin nan ne ke zuƙe wuta. Manyan hedifon masu buƙatar a ƙure ƙara su ma suna da nasu kason. Sannan maɓallin kulle ba ado ba ne, na'ura takan kunna kanta cikin jaka ta yi ta waƙa ba mai ji.

Batun kulawa kuwa, ka fara da zubar da wata tsohuwar shawara. Cewa sai batir ya mutu murus kafin a yi caji, wannan zancen batiran nikel ne na da. Kusan duk na'urar da ake cajinta ta USB a yau batirin litiyam ke cikinta, irin wanda Sony ta fara fitarwa kasuwa a 1991, shi kuma ba ya son a kai shi bango. Ƙwayarsa, wato ainihin ma'ajiyar wutar da ke cikinsa, tana cika a wajen bolt 4.2, tana sauka zuwa wajen 3.0, kuma daɗewa a kowane gefen yana tsufar da ita. Ka riƙa jonawa idan ya sauko wajen kashi 20, ka cire idan ya kusa cika. Gwajin da na bayyana a sama ma ba na kowane mako ba ne, sau ɗaya a 'yan watanni ya isa.

Zafi ya fi komai ɓarna, kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Zafin da ya wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas yana rage ƙarfin batir har abada, ya fi muni idan ana caji a lokacin. Kar ka bar ta cikin mota a rana, kar ka yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma idan rigar da ka sa mata tana sa ta ɗumi, cire ta kafin ka jona. Sanyi mai tsanani yana rage awanni na ɗan lokaci ne kawai, amma kar a yi caji a ƙasa da digiri sifili. Caja kuma ta bolt 5 mai kyau ta wadatar.

Idan za ka ajiye ta tsawon lokaci, bar ta da rabin caji, ka kashe ta gaba ɗaya, ka sa ta wuri mai sanyi marar laima. Duk wata shida ka ɗauko ka mayar da ita rabi. Wadda aka jefa a durowa ba caji takan sauka ƙasa da inda za ta iya farfaɗowa. Mai amfani da batirin AAA kuwa, cire shi za ka yi, don yakan yi yoyo ya cinye ƙarafan ciki.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gwaji. Idan ka ga allo ya ɗago, ko bayan na'urar ya kumbura, ko tana zafi ba dalili, daina caji nan take. Kar ka matse ta, kar ka huda. Ajiye ta a kan abin da ba ya kama wuta, ka kai wa mai gyara ya canza batirin, tsohon kuma a miƙa shi inda ake karɓar matattun batira, ba kwandon shara ba.